"GREAT": KALMAR BATURE MAI FUSKA DA YAWA

Duk wanda ya zauna ajin Turanci, ko da na shekara biyu ne, ya ci karo da kalmar nan "great". Malami kan ce ma'anarta "babba", yara su rubuta a littafi, a wuce wurin. To, amma fa kalmar ba nan ta tsaya ba. Bature kan kira sarki da ita, ya kira annoba da ita, ya kira jariri ɗan kwana bakwai da ita, ya kuma laƙaba ta wa tsuntsun da bai cika tafin hannu ba. Kai, ko motarsa ce ta mutu a tsakiyar gada ana ruwan sama, sai a ji ya buga sitiyari ya ce "great". Saboda haka ɗalibin da ya riƙe fassarar malamin firamare ita kaɗai zai sha wuya a ɗakin jarrabawa, tafinta kuma zai riƙa ba da labarin da ba shi aka faɗa ba. Abin da ya fi waɗannan ciwo shi ne, ɗan siyasa kan ɗauki kalmar ya cika jama'a da romon baka, a yi ta tafi, a watse ba wanda ya san abin da aka yi masa alkawari.

Kalmar dai ba daga fada ta fito ba. A tsohon Turanci, watau wanda mutanen Ingila ke yi kafin Normandawa su ci ƙasar a 1066, ma'anarta kauri ne da kaushi. Abin da aka niƙa bai yi laushi ba, kamar tsakin da ake watsa wa kaji, ko itace mai kaurin gindi, shi ake kira da ita. Masana asalin kalmomi da dama suna ganin 'yar'uwa ce ga "grit", watau tsakuwa ko ɓurɓushin dutse. Danginta suna nan har yau, ga "groot" a bakin mutanen Holan, ga "gross" a Jamusanci. A wancan zamani in mutumin Ingila yana son ya ce "babba", "micel" yake cewa, wadda ita ce kakar "much" ta yanzu. Sannu a hankali "great" ta ture ta, ta hau kujerarta. Wajen shekarar 1300 kuma sai ga "big" ta ɓullo, da farko da ma'anar ƙarfi, ga kuma "large" wadda aka aro daga Faransanci da ma'anar faɗi da yalwa, har da yalwar hannu wajen kyauta. Baƙin nan biyu suka karɓe yawancin aikin awon jiki. Ita kuwa "great", da aka rage mata aiki a ƙasa, sai ta haye sama ta zama ma'aunin daraja da suna da muƙami.

Shi ya sa ukun ba su zama daidai a baki ba. A Ikko ko Badun in aka ce wane "big man" ne, kowa ya gane: akwai kuɗi, akwai mota, akwai masu buɗe masa ƙofa. In aka ce "large man", to teɓa ake nufi, sai tela ya ƙara yadi. "Great man" kuwa shi ne wanda ake zaton za a riƙa ambatonsa bayan ƙasa ta rufe idonsa. Ana iya samun mutum ɗaya ya haɗa biyun farko bai ko kama hanyar na ukun ba.

Ko wajen furucinta ma an yi gardama. Mai lura zai ga ana rubuta ta da haruffa irin na "meat" da "heat" da "seat", amma ba a faɗarta kamar su. Sa'ad da Samuel Johnson yake shirin haɗa ƙamusunsa wanda ya fito a 1755, Lord Chesterfield, wanda ake ganin ba wanda ya kai shi iya magana a majalisar dattawa ta iyayen ƙasa, ya gaya masa a faɗe ta kamar "state". Sir William Yonge kuma, gwanin magana a majalisar wakilai, ya aika masa cewa kamar "seat" ake faɗa, wai ba mai faɗar ta ɗaya hanyar sai mutumin Ailan. Ta Chesterfield ce ta ci, kalmar ta zauna tare da "break" da "steak" a cikin 'yan tsirarin da suka ƙi bin sahu.

BIRTANIYA BABBA

Babu inda rashin fahimtar kalmar ya yi aiki a ƙasashenmu kamar a sunan ƙasar da ta mallake mu. Yaran makarantar zamanin Turawa sun tashi suna jin "Great Britain", suna kallon taswirar duniya a bangon aji kusan kashi ɗaya cikin huɗu an shafa mata ja, ba su yi wata-wata ba suka ɗauka sunan kirari ne, watau Birtaniya mai ƙasaita. Ga shi kuwa Kano ta faɗi a watan Fabrairu na 1903, Sakkwato ta bi a watan Maris. Wa zai yi musu?

Alhali asalin sunan maganar awon ƙasa ce kurum. A ƙarni na 5 da na 6, sa'ad da ƙabilun Angulu da Sakson suka kwararo cikin tsibirin, wasu daga cikin mutanensa na asali suka haye teku suka zauna a wani zirin ƙasa a arewa maso yammacin Faransa. Wurin ya ɗauki sunansu, aka sami Birtaniya biyu. Don a bambanta, marubutan da ke rubutu da Latin suka riƙa kiran tsibirin babba, zirin Faransa kuma ƙarama. Har yanzu Bafaranshe "Bretagne" yake kiran lardinsa, ya kira tsibirin "Grande-Bretagne", ba kuwa don yana yaba wa Ingila ba, kowa ya san tsakaninsu. Daidai yake da yadda ake cewa Babbar Salla da Ƙaramar Salla, ko a gida ɗaya a sami masu suna ɗaya a ce da wannan Babba a ce da wancan Ƙarami. A Ingila kanta akwai ƙauyuka barkatai masu irin wannan suna, kamar Great Missenden da Little Missenden, kuma ba wanda ya taɓa zaton mutanen na farkon sun ci duniya da yaƙi.

Sarki James na Sikotilan, wanda ya gaji gadon sarautar Ingila a 1603 bayan rasuwar Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, shi ne ya shelanta kansa Sarkin Birtaniya Babba a 1604, don ya sami suna ɗaya da zai rufe ƙasashensa biyu. Sunan bai zama na hukuma sosai ba sai a 1707 da aka haɗe majalisun Ingila da Sikotilan. A yau in aka ce Birtaniya Babba, Ingila da Sikotilan da Welis ake nufi, ban da Ailan ta Arewa, shi ya sa ake ambatonta daban a bangon fasfonsu. Faɗin tsibirin kuwa wajen murabba'in kilomita 209,000 ne, na Nijeriya 923,768. Watau za a iya yanka Birtaniya Babba huɗu daga cikin Nijeriya, a bar saura mai yawa.

SARAKUNA DA ƁARAYI

Daga ƙasa sai masu mulkinta. Littattafan tarihi na Turanci cike suke da sarakunan da aka liƙa wa "the Great" a bayan suna, kuma a nan ne ɗalibi ya fi saurin zamewa, domin yakan ɗauka an ce mutanen kirki ne.

A ɗauki Iskandar na Masedoniya, wanda aka haifa a shekara ta 356 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, ya mutu a Babila yana da shekara 32 bayan ya ci ƙasa tun daga Girka har bakin Indiya. Shi ne ya rushe birnin Tibis na Girka ya sayar da dubban mutanensa bayi, shi ne kuma ya sa wa fadar sarakunan Farisa wuta. Turai ta kira shi babba, tsofaffin littattafan addinin Farisawa kuwa "la'ananne" suke kiransa. Bitrus na Rasha, majalisarsa ce ta ba shi laƙabin a 1721 bayan ya ci Suwidin da yaƙi. Ya gina birnin da ke ɗauke da sunan waliyyinsa a cikin fadama tun daga 1703, da aikin tilas wanda ya ci rayukan dubban talakawa, ɗansa na cikinsa Alekisi kuma ya mutu a kurkuku a 1718 bayan an yi masa bulala bisa zargin cin amanar ƙasa. Hirudus na Yahudiya ma "the Great" ne a littafi, alhali ya sa an kashe matarsa da 'ya'yansa maza uku. A sarakunan da aka haifa a Ingila kuwa, Alfred kaɗai, wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899, ake kira da laƙabin, shi ma sai da ya yi ɗaruruwan shekaru a kabari sa'an nan marubuta suka yayata shi.

Wani abin dariya yana wajen Akbar, sarkin daular Mugal ta Indiya daga 1556 zuwa 1605. Duk wanda ya yi karatun allo ya san "akbar" a Larabci ma'anarta mafi girma. Bature ya zo ya ƙara masa "the Great", sunan ya koma "Mafi Girma Babba". Irin wannan sakaci ne ke sa jaridun Turai su fassara kabbara da "God is great", su yar da ma'anar fifiko da ke cikinta, wadda Bahaushe ya riƙe da yake cewa Allah ne Mafi Girma.

A yankinmu wanda littattafan Turanci suka fi ba laƙabin shi ne Askiya Muhammadu na Songhai, wanda ya karɓe mulki a 1493, ya yi aikin hajji tsakanin 1496 da 1497, ɗansa Musa ya tuɓe shi a 1528. Muhammadu Rumfa na Kano, wanda ya yi zamani da shi, wanda kuma Shehu Magili ya rubuta wa nasiha kamar yadda ya amsa tambayoyin Askiya, bai sami laƙabin ba. Kanta na Kabi, wanda ya ɓalle daga Songhai ta kasa mayar da shi, shi ma bai samu ba. Babu wata majalisa da ke zama ta raba wannan suna bisa ƙa'ida. Wanda ya riƙe alƙalami shi ke bayarwa, yawanci kuma faɗin ƙasar da aka ci yake dubawa.

Turawan da kansu sun daɗe da gane wannan, kuma wanda ya fi tona asirin kalmar shi ne marubucin nan Henry Fielding. A London an yi wani tantirin ɓarawo mai suna Jonathan Wild. Yana da yaransa da ke sata, su kawo masa, shi kuma ya buɗe ofis yana "nemo" wa mutane kayansu da suka ɓata a biya shi lada. Yaron da ya yi masa gardama sai ya miƙa shi ga hukuma a rataye, ya karɓi tukuici, gari ya ɗauka ga mai kama ɓarayi. Asirinsa ya tonu, aka rataye shi a 1725. A 1743 Fielding ya fitar da littafi a kan rayuwarsa, ya sa masa laƙabin "the Great" a cikin sunan littafin, yana yabonsa da gatse tun daga farko har ƙarshe. Masu karatu na lokacin sun san inda aka dosa, domin Robert Walpole, wanda ya riƙe gwamnatin ƙasar daga 1721 zuwa 1742, "the Great Man" abokan hamayyarsa ke kiransa. Abin da Fielding yake nunawa shi ne, ƙasaita daban, kirki daban, kuma dabarar da ta ɗaukaka shugaban ɓarayi ita ce ke ɗaukaka wasu shugabannin ƙasa. Ƙarni guda bayan haka Thomas Carlyle ya tsaya a London a 1840 yana lacca cewa tarihin duniya duka labarin manyan mutane ne. A 1887 kuma masanin tarihi Lord Acton, a wasiƙar da ya yi maganar yadda mulki ke lalata mai shi, ya ce manyan mutane kusan kullum miyagu ne. Kalma ɗaya dukansu suka yi amfani da ita.

Bahaushe bai cika faɗawa wannan rami ba, domin ya raba "babban mutum" da "mutumin kirki" tun asali. Kuma girman da ya sani kaya ne ake ɗora wa mutum, shi ya sa ya ce babba juji ne, kowa ya kwaso shararsa nan zai zuba.

Da zarar an bar mutane an koma kan aukuwa, sai kalmar ta sake riga, ta zama ma'aunin ɓarna. Annobar da ta kashe wajen mutum 100,000 a London a 1665 "Great Plague" ce. Gobarar da ta tashi daga gidan mai gasa burodi a shekarar da ta biyo, ta cinye gidaje 13,200 da coci 87, "Great Fire" ce. A 1858 kogin Temis ya yi ɗoyin da ya hana 'yan majalisa sakat saboda ƙazantar da ake zubawa cikinsa, har ya sa aka yi wa birnin manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa, wannan ma "Great Stink" aka kira shi. Yunwar Ailan ta 1845 zuwa 1852, wadda ta kashe wajen mutum miliyan 1, da karyewar tattalin arzikin duniya da ta faro a 1929, da fashin jirgin ƙasan 1963 inda aka kwashe fam miliyan 2.6, duk da wannan kalma ake kiransu. Yaƙin 1914 zuwa 1918, wanda sojojin Nijeriya suka yi a Kamaru da Afirka ta Gabas, "Great War" aka riƙa ce masa, domin ba a zaci za a ga wanda ya fi shi ba. Da na 1939 ya zo sai aka koma ƙirga su da lamba. Ɗalibin da ya rubuta "yaƙi mai daraja" ko "yunwa mai martaba" ya faɗi. Mu a nan yunwa suna ake raɗa mata, kamar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, wadda tsofaffi suka daɗe suna lissafin shekarun haihuwa da ita.

Sai kuma inda kalmar ba ta nufin girma ko kaɗan. A wajen dangantaka aikinta ƙirga tsani ne. Mahaifin kakanka "great-grandfather" ne, wannan da sauƙi tun da tsoho ne. Amma ɗan jikanka, wanda Bahaushe ke kira tattaɓa-kunne, shi ma "great-grandson" ne ko da yau aka yanke masa cibiya. Duk hawa ɗaya ko sauka ɗaya sai a ƙara "great" guda. Mai fassara takardar gado ko wasiyya da ya tsallake ɗaya daga cikinsu ya canja magaji ke nan. A wajen masu nazarin halittu kuma gwaji ne tsakanin dangi: akwai wani ɗan tsuntsu a Turai da ake kira "great tit", tsawonsa wajen santimita 14, bai fi gwara ba, an dai ba shi sunan ne don ya ɗara 'yan'uwansa. Tsofaffin 'yan kasuwar Ingila suna da "great hundred", wadda 120 ce, da "great gross", watau dozin 144, guda 1,728 ke nan. Matuƙan jirgi kuma suna da "great circle", da'irar da ta raba ƙwallon duniya biyu daidai, wadda bin ta shi ne hanya mafi kusa tsakanin garuruwa biyu. Da ita ake lissafin alƙibla, shi ya sa masallatan New York suke fuskantar arewa maso gabas, ko da yake a shimfiɗaɗɗiyar taswira Makka kudu maso gabas take da su.

AIKIN TAFINTA

A nan Hausa ta fi Turanci kayan aiki, in mai fassara zai yi haƙuri ya zaɓa. Wajen jiki akwai ƙato, akwai makeken fili, da tafkeken gida, da jibgegen mutum, da zungureriyar mota, kowanne da siffar da yake zanawa a ido. Wajen suna akwai shahararre da mashahuri, wajen dukiya hamshaƙi, wajen jarunta gwarzo, wajen mulki ƙasaitacce, wajen ɓarna gawurtacce ko gagarumi. Ba a cewa hamshaƙin ɓarawo sai da gatse, ba a kuma cewa gawurtaccen malami in ana son a zauna lafiya da almajiransa. Gwamna Mai Girma ne, sarki Mai Martaba. Ita kanta "babba" ba ta rasa nata wasan ba: ga babbar riga, ga babban yatsa, ga babba-da-jaka tsuntsun bakin mahauta, ga garin Babban Mutum a ƙasar Daura. Maƙwabta ma haka suke: Bayarabe ya raba "nla" ta girman jiki da "agba" ta girman shekaru, a Ibo kuma "ukwu" ce ke cikin sunan Igbo-Ukwu, garin da aka tono kayan tagulla masu shekara fiye da dubu. Laifin da ake yawan ji a gidajen rediyo shi ne a ga "great" a ce "babba" ko "mai girma" ba tare da an tsaya an tambayi wane irin girma ba.

A bakin mutanen yau kuwa kalmar ta yi araha. Ba'amurke zai ci tuwo ya ce "great", a gaya masa an ɗage taro zuwa ƙarfe huɗu ya ce "great", ma'ana dai "to, madalla". In ya ja ta da sanyin murya bayan an gaya masa jirgi ya tashi ya bar shi, to "kaico" yake nufi. Wanda ya je neman aiki aka ce masa takardunsa "great" ne, kada ya yi saurin yanka rago.

Wanda ya mayar wa kalmar da ƙarfinta a idon duniya ɗan dambe ne. A watan Fabrairu na 1964 Cassius Clay, yana da shekara 22, ya doke Sonny Liston ya tsaya gaban 'yan jarida yana ihu shi ne "the greatest". Ba da daɗewa ba ya zama Muhammad Ali, a shekarar nan kuma ya ziyarci Gana da Nijeriya da Masar. A lokacin an ɗauki maganar cika baki ce, amma bayan ya kayar da George Foreman a Kinshasa a 1974 masu musu suka ragu. Daga kirarinsa na "Greatest Of All Time" aka tsamo haruffan farko suka ba da GOAT, wadda kuma a Turanci akuya ce. Shi ya sa yau a gidajen kallon ƙwallo ake iya ganin samari sun kusa ba hammata iska a kan wane ne akuya tsakanin Messi da Ronaldo, kowa yana so a ce nasa ne. Dattijon da ya ji ɗansa yana rantsuwa cewa gwaninsa akuya ne, dole ya riƙe baki.

'Yan siyasa kuwa sun gane amfanin kalmar da ba a iya kama ta da hannu. A 1978 da Alhaji Waziri Ibrahim ya rabu da jam'iyyar NPP, sai ya ɗauki sunan ya ɗora masa "Great" a gaba, aka sami GNPP, jam'iyyar siyasa ba da gaba ba, wadda ta ci gwamnonin Barno da Gongola a zaɓen 1979. Ko Nijeriya ce babbar, ko mutanenta, ko jam'iyyar, sunan ya bar wa kowa ya zaɓa. Ɗaliban jami'o'inmu ma da ita shugabanninsu ke buɗe taro, a kira su "great", su amsa da ƙarfi, ko da ranar ba ruwa ba wuta a ɗakin kwana. A 2009 Farfesa Dora Akunyili, tana ministar watsa labarai, ta ƙaddamar da shirin gyara sunan ƙasa da taken "Good People, Great Nation". Ko ba komai taken ya bi Fielding wajen raba kirki da ƙasaita, ya ba mutane ɗaya ya ba ƙasa ɗaya. A Amurka Ronald Reagan ya yi yaƙin neman zaɓen 1980 da alkawarin sake mayar da ƙasar "great", Donald Trump ya ɗauko taken ya ci zaɓe da shi a 2016 da 2024. Mai fassara shi zuwa Hausa tilas ya yanke hukuncin da mai taken bai yanke ba: ƙarfin soja ake nufi, ko arziki, ko martaba a idon duniya, ko kuwa komawa wani zamani da wasu ke kewa wasu kuma ba su ji daɗinsa ba? Ma'aikacin masana'antar da aka rufe da attajirin da ke son a rage masa haraji kowa ya ji nasa a ciki, suka jefa ƙuri'a akwati ɗaya.

Akwai kuma inda ake ba da sunan tun abin bai samu ba. Shirin Mao na 1958 da Turanci ke kira "Great Leap Forward", watau gagarumin tsalle zuwa gaba, ya ƙare da yunwar da ƙiyasi mafi ƙanƙanta ya ce ta kashe mutum miliyan 15. Ganuwar Sin da ganuwar dutse ta Zimbabuwe sai da aka gina su aka gani sa'an nan baƙi suka kira su "great". Tamu ganuwar ta itatuwa kuwa, "Great Green Wall", da sunanta aka haife ta. Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, da niyyar a ja shingen bishiyoyi mai tsawon wajen kilomita 8,000 daga Senigal zuwa Jibuti don a tare hamada, daga baya aka faɗaɗa manufar ta koma farfaɗo da ƙasa hekta miliyan 100 kafin 2030. Ta ratsa Jamhuriyar Nijar da jihohi 11 na Arewacin Nijeriya, tun daga Kabi da Sakkwato har Barno da Adamawa, a 2015 kuma aka kafa mata hukuma ta musamman a Nijeriya. Rahoton da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna hekta miliyan 4 aka farfaɗo a cikin yankin da aka shata, watau kashi 4 cikin 100 a shekara goma sha uku. Manomin Yobe ko na Damagaram da rairayi ke cin gonarsa kowace rani, shi lissafinsa a kan dashen da ya rayu bayan damina yake.